Tambaya da Amsa: Zagaya Tsibirin Aisland da Motar Haya

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan Aisland, tsibirin duwatsu masu aman wuta da ke arewacin tekun Atlantika, da kuma yadda mutum zai ɗauki hayar mota ya zagaya shi da kansa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Hutun kwana biyar gare ni. Zai ishe ni in zagaya tsibirin gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zagayawa dai za ka zagaya, amma gani ne ba za ka yi ba. Babbar hanyar da ta kewaye ƙasar, wadda ake kira Hanya ta 1, tsawonta kusan kilomita 1,320 ne, kuma sai a 1974 aka haɗe bakinta, bayan an gina gada a kan rairayin Skeidararsandur da ke kudu. A taswira abin kamar ba yawa. Sai dai iyakar gudu a kan kwalta kilomita 90 ce a awa, a kan burji 80, a cikin gari 50, ga kyamarori, ga tara mai zafi. Ƙari a kan haka, ba ka yin rabin awa ba ka ga abin da zai sa ka taka burki ba. Mu a ganinmu cikakken zagaye yana son kwana takwas zuwa goma.

Mai kwana biyar gara ya riƙe kudu. Rana ta farko ka yi Thingvellir, inda majalisar ƙasar ta fara zama a shekarar 930, inda kuma ƙasa ta tsage saboda manyan faya-fayan ɓawon ƙasa guda biyu, wanda ke ɗauke da Turai da wanda ke ɗauke da Amurka ta Arewa, suna rabuwa da kusan santimita 2 kowace shekara. Daga nan ka wuce Geysir, ka tsaya gaban ramin Strokkur, wanda ke feso tafasasshen ruwa sama duk bayan minti biyar zuwa goma. Ka lura da saman ruwan: zai kumbura ya yi shuɗi kamar an kifa ƙwarya, sannan ya fashe. Ka ƙarasa da Gullfoss, inda kogi ke faɗawa kwazazzabo hawa biyu, mita 32. Rana ta biyu ka gangara Seljalandsfoss da Skogafoss, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, kowanne kimanin mita 60, ka kwana a garin Vik. Ta uku ka kai tafkin Jokulsarlon, kusan kilomita 380 daga Reykjavik, babban birnin ƙasar, inda manyan ɓaraguzan ƙanƙara ke ɓallewa daga makeken tudun ƙanƙara na Vatnajokull suna iyo har teku. Sauran kwana biyun na komowa ne a tsanake, da kuma ranar da iska za ta ci maka, don da wuya a rasa irinta.

Tambaya: Wace irin mota zan ɗauka? Kuma inshorar da kamfanonin haya ke ta tallatawa ba cin kuɗi ba ne kawai?

Amsa: In tsakanin Yuni da Agusta ne, kuma Hanya ta 1 za ka bi, ƙaramar mota ta isa. Jif mai jan taya huɗu ta zama dole ne ga hanyoyin tsakiyar ƙasar, waɗanda lambarsu ke farawa da harafin F. Ba a buɗe su sai wajen tsakiya ko ƙarshen Yuni, a rufe wajen Satumba, kuma wanda ya shiga da ƙaramar mota ya zubar da inshorarsa gaba ɗaya.

Maganar inshora kuwa, kada ka yi mata riƙon sakainar kashi. Abu uku ne suka fi jefa baƙi cikin asara. Na farko tsakuwa: mota ta gifta ka, tayarta ta harbo dutse, gilashin gaba ya tsage ko fenti ya karce. Akwai inshora ta musamman a kan wannan, kuma ta cancanci kuɗinta. Na biyu yashi da toka. A filayen kudu, gabas da Vik, baƙin rairayin da duwatsun wuta suka bari yana tashi da iska ya kankare fentin mota, gilasai da fitilu su yi dishi-dishi. Inshorar yau da kullum ba ta biyan wannan, sai ka saye ta daban.

Na ukun shi ne wanda mutane ba sa kawowa a rai: ƙofa. Ka buɗe ta iska na bayanka, sai ta fizge ta daga hannunka, ta banƙare ta har ƙarfen da ke riƙe da ita ya lanƙwashe, ta ƙi rufuwa. Yawancin inshora ba sa biyan wannan. Maganinsa ka faka motar hancinta na fuskantar iska, ka riƙe ƙofar da hannu biyu, a fita ɗaya bayan ɗaya, kada a bar yaro ya buɗe da kansa. Haka ma tsallaka kogi a hanyoyin F. In ruwa ya shiga mashaƙar iskar inji, inji ya tashi aiki nan take, kuma a mafi yawan yarjejeniyoyi kai za ka biya. Kafin ka bar harabar kamfanin, ka ɗauki hoton motar ta kowane ɓangare, har da gilashi da tayoyi.

Tambaya: Na daɗe ina tuƙi. Me zai zo mini baƙo a can?

Amsa: A hannun dama ake tuƙi, fitila a kunne dare da rana, kowa da bel har na kujerar baya. Akwai alamu uku da ya kamata ka haddace rubutunsu. "Malbik endar" na nufin kwalta ta ƙare, burji ya fara. A daidai nan motoci suka fi sulluɓewa, don mutum na shiga tsakuwa da gudun kwalta, ya tsorata ya danna burki ya murɗa sitiyari. Ka rage gudu tun kana kan kwalta. In bayan motar ya fara wutsil-wutsil, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali. "Einbreið brú" gada ce mai cin mota ɗaya, wanda ya fi kusa da ita shi ke fara hawa. "Blindhæð" kuma tudu ne da ba ka ganin mai tahowa, sai ka matsa dama sosai.

Da bazara tumaki sake suke yawo. In ka ga uwa a wannan gefe, ɗanta a wancan, ka san yanzu zai ruga ya tsallako. Kada ka tsaya a kan titi don hoto, hanyar ba ta da kafaɗa. Sauka daga hanya a bi fili da mota laifi ne mai tara mai nauyi, kuma dokar tana da hujja: gansakukar da ta lulluɓe tsohuwar narkakkiyar ƙasa tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin sawun taya ya ɓace a kanta.

Gidajen mai da yawa babu ma'aikaci, kati mai lambar sirri kawai injin ke karɓa. Tanki ya kai rabi, ka cika, musamman tsakanin garin Egilsstadir da tafkin Myvatn. A gabas manhajar taswira za ta so ta yanke maka ta hanyar Oxi mai lamba 939. Burji ce mai gangare, in da hazo ko ruwa ka bi bakin teku. Hanyar ƙarƙashin dutse ta Vadlaheidi kusa da garin Akureyri ana biyan kuɗinta ta intanet ne, babu shingen karɓa.

Tambaya: Da 'ya'yana uku za mu je. Ina ne ya fi haɗari gare su?

Amsa: Hajiya, bakin tekun Reynisfjara da ke kusa da Vik. Baƙin rairayi ne mai ban sha'awa, kuma ya ci rayuka. Igiyoyin ruwa za su yi ta zuwa ƙanana har hankali ya kwanta, sai guda ɗaya ta zarce su duka ta share ƙafar mutum, ga ruwan sanyi ƙarara, ga ja mai ƙarfi. An kafa fitilun gargaɗi a mashigar wurin, ki yi aiki da su. Kada kowa ya juya wa teku baya, hannun ƙaramin kuma ya zauna cikin naki. A Geysir da Hverir ta wajen Myvatn, ruwa da taɓon suna iya kai digiri 100, ƙasar gefen ramukan kuma ɓawo ce kawai, don haka igiyar da aka kewaye ita ce iyaka. Ki tanadi rigunan ruwa, domin hanyar da ta bi ta bayan Seljalandsfoss tana jiƙa mutum sharkaf, ga santsi.

Tambaya: Wane lokaci ya fi, kuma aman wutar da muke ji a labarai ba zai tare hanya ba?

Amsa: A ƙarshen Yuni rana na yin kusan awa 21 a sama a Reykjavik, a Disamba kuwa awa huɗu da ɗoriya. Mai son hasken arewa, wato hasken launuka da ke rawa a sararin sama da dare, sai ya zo tsakanin Satumba da farkon Afrilu, amma wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, ba mu ba shi shawarar zagaye da hunturu ba, ko da tayoyi masu ƙusoshi.

Aman wutar da aka yi ta yi tun 2021 a yankin Reykjanes yake, kusa da garin Grindavik da aka kwashe mutanensa a Nuwamban 2023. Yankin na kudu maso yamma, a wajen Hanya ta 1, kuma hukuma na rufe duk inda ya zama haɗari. Abin da zai fi dagula maka tafiya iska ce. Kullum da safe ka duba vedur.is don yanayi da umferdin.is don halin hanyoyi. Da mita a daƙiƙa suke auna iska, saboda haka in ka ga 20, kilomita 72 ke nan a awa, kuma doguwar motar kwana, wato mai gado a ciki, ba ta da aminci a irin wannan. Gargaɗin yanayi ya kai launin ruwan lemo ko ja, ka zauna inda kake. Lambar gaggawa 112 ce.

Tambaya: Abinci da kwana fa?

Amsa: Kifi da naman rago sun wadata, amma sananniyar tsiren-burodinsu ta gidajen mai, pylsa, akwai naman alade a haɗinta. Ruwan famfo mai sanyi garau yake, a sha. Mai zafin ne ke warin farar wuta a wurare da yawa, don daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi. Masauki a Vik da Hofn yana cika tun watanni kafin bazara, a kama da wuri. Mai motar kwana kuma doka ta hana shi kwana a gefen hanya, sai a sansanin da aka tanada ko da izinin mai fili.