An ba ni ofa amma ba ni zuwa, ya zan rubuta musu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani kamfani nan Sakkwato sun ba ni ofa ta aikin akawu, kawuna ne ya yi min hanya wurin abokinshi, sai ga shi wata makaranta da na yi intabiyu tun bara su ma sun kira ni, kuma can na fi so. Wallahi kunya ta hana ni barci. Abokaina sun ce kar in rubuta komi, in sa hannu in aje, ko in ba ƙanena ya tahi da ita tunda shi ma ya gama digiri. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka, mu da muke zaune ofishin ɗaukar ma'aikata kullum ana mayar mana da ofa, ba laifi ba ne. Fara zuwa wurin kawu da ƙafarka ka yi mai bayani, kar ya ji a bakin abokinshi. Sannan duba ƙasan takardar, galibi akwai wa'adin amsa, ka rubuta kafin ya cika. Layi huɗu sun isa: godiya, sunan muƙamin da kwanan watan da ke kan ofar, sai ka ce bayan nazari ba za ka samu damar karɓa ba, ka yi musu fatan alheri, ka sa hannu. Kar ka kushe albashinsu, kuma ba dole ka faɗi inda za ka ba. Ka kai wa wanda ya sa hannu a ofar, ka riƙe kwafi da aka buga wa hatimin karɓa. Amma kar ka kai wasiƙar sai ofar makarantar ta shigo hannunka a rubuce, kiran waya ba ofa ba ne.

To yanzu maganar abokan nan naka, wadda ita ta fi ɓata min rai don kusan kullum sai na ji ta. Wa ya gaya wa mutane ofa gado ce da ake miƙa wa ƙane? Sunanka ke kai, takardunka aka duba, kai aka zaunar aka yi wa tambayoyi. Ranar da ƙanenka ya shiga da ita ya zama sojan gona, kai kuma ka zama wanda ya ɗaure mai gindi, duk ku biyu kuna cikin laifi. Masu cewa ka sa hannu ka aje kuwa ba su san da zarar ka sa hannu ka ƙulla yarjejeniya ba, an buɗe ma fayil, an sallami mutum na biyu a jerin, wataƙila magidanci ne da ya shekara yana zarya da ambulan cikin ranar Sakkwato. In aikin gwamnati ne abin ya fi muni, albashi ya fara shiga asusunka kana wani wuri, sunanka ma'aikacin bogi kenan. Gwamnatin tarayya ta fara IPPIS, tsarin rajistar ma'aikata da biyansu albashi ta kwamfuta, tun 2007, BVN ya zo 2014, lamba ɗaya ke bin mutum duk bankin da ya je, amma har yau akwai dillalai da ke zama gindin darbejiya bakin sakatariya suna cewa kawo mu sauya suna ba mai ganewa. Su karɓi kuɗinsu su ɓace, ranar tantancewa kai kaɗai za ka tsaya gaban kwamiti kana share zufa, kawun da kake jin kunya shi za a fara bugawa waya.

In kana son taimakon ƙanenka, ƙara layi ɗaya a ƙarshen wasiƙar, cewa akwai wanda kake ganin ya dace in suna son ganin takardunshi. Su kira shi ko su bari, wannan nasu ne.