Tambaya da Amsa: Me ya sa jiragen 'yan kasuwa na da suke tafiya ayari?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Zamanin da iska ce ke tura jiragen ruwa babu inji, naji ance jiragen kaya sai a haɗa su da yawa su tafi tare lokacin yaƙi. Toh ba tara wa abokan gaba ganima akeyi ba kenan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka tana kan hanya, amma ka tuna fatake ma ai ayari sukeyi da madugu saboda 'yan fashi. A teku babban abin tsoro ba rundunar sarki bane, ƙananan jirage ne masu zaman kansu da gwamnatinsu ta basu takardar izini su kama jiragen ƙasar da ake yaƙi da ita su sayar da kayan, irin waɗannan in sun ga jirgin yaƙi ɗaya ma yana rakiya basa kusantowa. Shi yasa a lokacin masu inshora a Landan suke rage kuɗi in jirgi zai bi ayari.

Inda gaskiyarka take shine ranar da babbar runduna ta ci karo da ayarin. Ranar 9 ga Agusta 1780, lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, ayarin Ingila mai jirage 63 ya faɗa hannun rundunar Sifaniya da Faransa ƙarƙashin Luis de Córdova a tekun Atlantika. Masu rakiyar jiragen yaƙi uku ne kacal, shugabansu Kyaftin John Moutray da yaga abin yafi ƙarfinsa sai ya ranta a na kare da nasa jiragen, kuma gaskiya ni ban ga laifinsa sosai ba, uku zasu yi yaya da runduna guda? Ance cikin duhu jiragen kayan suka riƙa bin fitilar jirgin Córdova suna zaton ta mai rakiyarsu ce, gari na wayewa sai gasu a tsakiyar abokan gaba. Aka kama 55 aka kora su tashar Cadiz ta Sifaniya da kayan soja da mutane kusan 3,000, asarar takai wajen fam miliyan ɗaya da rabi, masu inshora da yawa suka karye. Moutray kuma kotun soja ta ƙwace masa jirginsa.

Amma duba 1794, Faransa na fama da yunwa tana jiran ayarin hatsi daga Amurka. Ranar 1 ga Yuni Howe, kwamandan jiragen yaƙin Ingila, ya gwabza da rundunarsu, Faransawa suka rasa jiragen yaƙi bakwai, Ingila nata murna, shi kuwa hatsin ya shige tashar Brest ta Faransa lafiya lau.

Duk da abinda ya faru a 1780 Ingila bata daina ba, a 1798 ma doka majalisa tayi ta wajabta wa yawancin jiragen kasuwa bin ayari, don wasu kyaftin sukan sulale su riga kowa isa kasuwa kafin farashi ya faɗi.