Ku Tambayi Kawu: Kafin Ku Zuba Kuɗi A Littattafan Wasan Teburi

Wasiƙun wannan mako duk a kan wasan labari na kan teburi ne, wanda mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, a jefa dayis a ga abin da zai faru.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce: "Kawu, ina so in ja wa abokaina wasa a duniyar Star Wars. Dayis ɗin ludo zai yi?"

Ɗana, ya danganta da wanda ka ɗauko. Tsohon wasan da kamfanin West End Games ya fitar a 1987 da dayis mai fuska 6 kaɗai ake yin sa, don haka na ludo ya wadatar, ka dai tara su da ɗan yawa. Na kamfanin Fantasy Flight kuwa dayis ɗinsa alamomi ne a jiki maimakon lambobi. Kada ka sayi littafinsa sai ka san yadda za ka samu dayis ɗin, ko ka yarda za ka yi amfani da manhajar waya.

Wani matashi daga Kano ya rubuto: "Na tara kuɗi na wata da watanni. Na ga wani a intanet yana sayar da littattafai uku na Dungeons & Dragons, da na Forgotten Realms, ɗaya daga cikin duniyoyin wasan, da 'yan mutum-mutumin roba, duka a ƙasa da rabin kuɗinsu. Ban samu abokan wasa ba tukuna. In tura masa?"

Kada ka tura ko sisi. Ka tsaya ka ji ni da kyau, domin wannan abu yana damuna matuƙa. Kowane ɗaya daga cikin manyan littattafan nan uku kusan dala 50 ake sayar da shi a Amurka. Ka lissafa da canjin yau, ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan, ga su da nauyi saboda bangonsu mai kauri ne. To ta ina wani zai kawo su har Najeriya ya sayar ƙasa da rabi? Araha ba ta ado. Ko dai jabu ne, ko kuma babu kayan ma kwata-kwata, kana turawa ya toshe lambarka. Jabun littafi ana gane shi: hotuna sun yi duhu, rubutu ya dishe, gam ɗin baya yana sakin shafuka tun a makon farko, wani lokaci a tarar an tsallake shafuka. Littafin wasa kuma buɗe shi ake yi ana rufewa duk zama, hannu biyar na ja. Jabu ba zai kai sallah ba.

Akwai wani tarkon kuma. An fitar da bugu na biyar na wasan a 2014, aka sabunta manyan littattafan a 2024 da 2025. Masu kaya da yawa ba sa faɗa maka wanne suke riƙe da shi. Ka nemi hoton bango da na shafin da ke ɗauke da shekarar bugu, kuma kada ka biya sai kaya sun zo hannu.

Amma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙarshen wasiƙarka. Ba ka da abokin wasa ko ɗaya, kana shirin zubar da tarin wata da watanni! Kamfanin Wizards of the Coast, mai buga wasan, ya saka ƙa'idojin farko kyauta a intanet. Ka sauke, ka kai shagon kwamfuta a buga maka shafukan da kake buƙata, ka sayi saitin dayis guda mai ƙwaya 7, ka nemo mutum uku ko huɗu. Murfin kwalba zai tsaya a madadin mutum-mutumi, taswira kuma a zana ta a bayan tsohuwar kalanda. Forgotten Realms tun 1987 ake buga littattafai a kanta, ba wanda ya karance su duka, kuma gari ɗaya da dajin da ke kewaye da shi sun ishe ku wasan watanni. Idan bayan zama biyar ko shida abokan suna nan ba su watse ba, ku yi karo-karo ku sayi littafin 'yan wasa na gaske guda ɗaya.

Wata baiwar Allah daga Damagaram ta ce: "Zan ja wasa a duniyar labaran marubucin nan Tolkien, amma ƙawayena sun fi ni sanin tarihinta. Tsoro nake ji kada in yi kuskure su yi mini dariya."

'Yata, kwantar da hankalinki. Wannan tsoron ya nuna kin ɗauki abin da muhimmanci, kuma irinki ne ke iya jan wasa. Ki duba The One Ring, bugu na biyu na kamfanin Free League da ke Suwidin. An ajiye labarinsa a shekarun da ke tsakanin manyan labaran Tolkien biyu, The Hobbit da The Lord of the Rings, inda marubucin bai cika bayani ba, don haka fili naki ne. Akwatinsa na farko na masu farawa a yankin Shire yake, wato ƙasar gajerun mutanen da ake kira hobbit, ya kuma fi babban littafin sauƙi. Ki bar shahararrun jarumai a nesa, a riƙa jin labarinsu kawai a bakin matafiya, domin da zarar sun shigo su za su cinye wasan. Tun zaman farko ki gaya wa ƙawayenki cewa abin da ya faru a teburinku shi ne tarihi a wurinku. Wadda ta fi kowa sani kuma ki riƙa tambayar ta sunan kogi ko na sarki, za ta ji daɗi ta zama mai taimaka miki.

Wani kuma yana tambaya wane launin dayis ne ya fi faɗawa a kan 20, wato lamba mafi girma a dayis mai fuska 20.

Haba malam! Launi ba ya juya dayis. Wanda ya ce maka nasa ya fi kawo 20, to gurɓatacce yake sayarwa, kuma ranar da abokanka suka gane ba za su sake zama da kai ba. Sayi wanda lambobinsa ke fitowa sarai ko da fitilar caji ce.