Tambaya da Amsa: Jar Wuƙar Aljihu Za Ta Iya Ragon Layya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban gida ne a Jidda. Ina son sayen jar wuƙar nan ta Victorinox, amma na tarar da iri-iri har na rasa wadda zan ɗauka. Ina son guda ɗaya da za ta yi mini ƙananan ayyukan mota, in Sallah ta zo kuma in yi yanka da fiɗa da ita. Wacce za ka ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wuƙa ɗaya ba za ta yi maka ayyukan nan biyu ba, ko da mai shago ya rantse maka.

Kamfanin tsoho ne. Karl Elsener ya kafa shi a Ibach ta ƙasar Suwizalan a 1884, ya fara yi wa sojojin ƙasar wuƙa a 1891, a 2005 kuma kamfanin ya saye abokin gogayyarsa Wenger. Gwanintarsu tana wurin ƙananan abubuwa. Almakashinsu yana yanke farce da zare tas, abin buɗe gwangwani ba ya gardama, ƙarfen kuma ba ya saurin tsatsa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a Jidda, inda danshin teku ke cin ƙarfe ko yana cikin aljihun mota.

Ga direba, wadda suke kira Tinker nake so, mai tsawon milimita 91. Ƙanwar wata wuƙarsu ce mai suna Spartan, sai dai a bayan Spartan akwai murɗaɗɗen ƙarfen nan na zare toshiyar kwalbar giya. Me za ka yi da shi a ƙasar nan? A gurbinsa Tinker sukudireba mai kan gicciye gare ta, wadda za ka ɗaure lambar mota da ita. In kana son almakashi, ka nemi Super Tinker. Swiss Champ mai ayyuka 33 kuwa, kallo ta fi daɗi. Sa ta a aljihun jallabiya ka ga yadda rigar za ta karkace.

To, giɓin nasu. Ruwan wuƙar nan bai wuce santimita 7 ba, kuma ba ya kullewa, sifirin ne kawai ke riƙe da shi. Hannu ya jiƙe da jini da kitse, ka danna ta a gaɓa, sai ta naɗe a kan yatsunka. Suna da manya masu makulli, na milimita 111 da 130, amma su ma ba don wuyan rago aka ƙera su ba. Ƙarfen yana da ɗan laushi: daɗin wasawa gare shi, saurin dakushewa ma haka. Ga kitse yana shiga lungunan da sai ka jiƙa ta a ruwan ɗumi, ka bi da tsohon buroshin haƙori, sannan ka ɗiga mai. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, gajeren ruwa kuwa wahalar da dabba yake yi.

Shi kamfanin yana yin wuƙaƙen mahauta masu baƙar ƙota da ba ta santsi, Fibrox, waɗanda ba sa naɗewa. Ka sayi doguwa ta yanka da gajeruwa ta fiɗa, ka haɗa da ƙarfen wasawa. In kwata za ka kai ragon kamar yadda aka saba a nan, ta fiɗar ma ba dole ba ce.

Jabu sun yi yawa a kasuwa. Ka buɗe babban ruwan ka duba gindinsa, sunan kamfanin a buge yake cikin ƙarfen, kuma ta gaske in ka rufe ta za ka ji ƙas. Ranar tafiya gida hutu ka sa ta cikin akwatin da za a auna, don in tana jakar hannu a filin jirgi za ka bar ta.