Zan je kallon ƙwallo a ƙasar waje, ta ina zan fara?

Tambaya: Salam Malam, Allah ya hore min zan je kallon gasar ƙwallo a ƙasar waje kuma ban taɓa fita ba. Don Allah ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikassalam, Allah ya sanya alheri. Ɗauko fasfo ɗinka tukun ka duba ranar da zai ƙare, ƙasashe da yawa sai da sauran aƙalla wata 6 a jikinsa suke barin mutum ya shiga. Sai biza, kar ka ɗauka tikitin wasa ya wadatar, nan mutane da yawa suke tafka kuskure wallahi. A gasar cin kofin duniya Rasha ta yi Fan ID a 2018, Katar ta yi katin Hayya a 2022, wato katin da mai tikiti ya shiga ƙasar da shi a madadin biza, amma ba kowace ƙasa ke yin wannan sauƙin ba, ka nemi biza tun da sauran watanni.

Tikiti kuwa a shafin masu shirya gasar kawai za ka saya, yanzu galibi a waya yake zuwa shi ya sa nake nacin ka riƙe abin caji a aljihu, ka sha layi ka iso bakin ƙofa waya ta mutu a hannunka, ai abin ba daɗi. Masu tare mutane a hanya suna cewa akwai tikiti, wuce abinka.

Masauki ka kama kusa da tashar jirgin ƙasa, na gefen filin wasa tsada gare su. Ranar wasa ka isa da awa 2, babbar jaka ka bar ta a otal don ba za a bar ka shiga da ita ba.