Amsa ga ƙanenmu da ya yi tambaya a kan kamun kai

Ƙanena, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Ka ce fushi yana rinjayarka a gida da wurin sana'a, kana addu'a kana azumi amma da zarar an taɓa ka sai bakinka ya riga hankalinka, har kana tambaya ko kamun kai baiwa ce da aka ba wasu aka hana wasu.

A Galatiyawa 5:22-23 Manzo Bulus ya lissafa kamun kai cikin albarkar Ruhu, tare da ƙauna da salama da haƙuri, saboda haka ba a ware wa wani mai bi shi aka bar wani ba. Sai dai Bulus ɗin nan shi ne ya ce a 1 Korintiyawa 9:27 yana horon jikinsa, Bitrus kuma a wasiƙarsa ta biyu (1:5-6) ya ce mu yi matuƙar himma mu ƙara kamun kai a kan sani. Ruhu ne yake ba da iko, amma ba ya ɗauke wa mutum horon yau da gobe.

Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina zama da matasan ikkilisiya a nan Damagaram shi ne, yawancinsu suna neman kamun kai a daidai lokacin da rai ya riga ya ɓaci, alhali kuwa tun kafin nan ake shirya shi. Karin Magana 25:28 ta kwatanta marar kamun kai da birnin da garunsa ya rushe. Mu da muke ganin ragowar ganuwar Birni, wadda aka gina a zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19, mun san ba ranar da mahara suka iso ake kwaɓa ƙasa ba. Wurin horonka shi ne layin famfo a watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40 kuma wani ya tura jarkarsa gaban taka, ko Kasuwar Dole idan mai saye ya raina kayanka. Wanda ya saba haɗiye kalma ɗaya a irin waɗannan wurare, shi ne zai iya riƙe hannunsa ranar babbar jarraba.

Mun ga wannan a ranar 16 ga Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a garin nan. Akwai samarinmu da zuciya ta ɗebe su suna maganar ramuwa, kuma a ganina waɗanda suka iya tsayar da su dattawa ne da mata da aka daɗe da sanin su da sanyin baki a unguwa, ba waɗanda suka fi kowa iya wa'azi ba. Kada kuma a manta da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu, domin su ma sun yi tasu jarumtar.

Game da azuminka, ban ce ka daina ba, amma azumin da ya hana ciki abinci ya bar harshe a sake bai kai inda ake so ba. Karanta 1 Sama'ila 25, ka ga yadda Dawuda, mutumin da ya ƙi taɓa Saul a cikin kogo, ya ɗaura takobi saboda baƙar maganar Nabal, har sai da Abigel, matar Nabal, ta tare shi a hanya. Idan Dawuda ya bukaci mai tare shi, kai ma kana bukata. Ka zaɓi dattijo ɗaya da kake jin nauyinsa, ka riƙa gaya masa gaskiyar abin da ya faru kowane mako bayan sujada. Idan kuwa uwargida ce ka ɗaga wa murya, ka nemi gafararta a ranar, a gaban yaran da suka ji, kamar yadda Afisawa 4:26 ta hana mu kai fushi har faɗuwar rana.