An ba ni ajin walda mai zurfi a kwaleji, da me zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai walda ne. A Kano na koyi sana'ar tun ina yaro, a shagon ogana, da ilektirod. Yau shekara 12 ke nan ina aiki da injin MIG, mai turo wayar walda ta cikin bindiga, a wata masana'antar ƙera tirela a jihar Ohayo ta Amurka. Kwalejin al'umma ta garinmu, irin mai karatun shekara 2, ta ɗauke ni in riƙa koyar da ajin GMAW, wato waldar MIG, mai zurfi da yamma, na tsawon mako 16. Ɗaliban sun riga sun gama ajin farko. Aikin dai hannuna ya iya, amma ban taɓa tsayawa gaban allo ba. Me zan koya musu wanda ba su sani ba, kuma da me zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a wannan aiki, ya ba ka ikon riƙe amanarsa.

Ranar farko ka ƙyale allo tukuna. Ka ba kowane ɗalibi yankan ƙarfe biyu masu kaurin milimita 10, ya tsayar da ɗaya a kan ɗaya, ya yi waldar kusurwa da saitin da ya saba da shi a ajin baya. Idan sun gama, su da kansu su zaɓi uku mafiya kyau. Waɗannan ukun za ka yanka a tsakiya da zarto, ka goge fuskar yankan har ta yi sumul, ka shafa mata ruwan asid mai rauni da ake kira naital. Nan take iyakar inda walda ta ci ƙarfe za ta fito fili. Sau da yawa na yi wannan a gaban aji, kuma akwai wani saurayi da ba na mantawa. Waldarsa ta kwanta lumui kamar an jera sulalla, kowa na yabawa. Da muka yanka, sai ga wani baƙin layi siriri kamar gashi a can cikin kusurwa, inda narkakken ƙarfe ya kwanta kawai bai kama komai ba. Muka sa ta a matsi, ta ɓalle tun kafin a yi nisa. Ya daɗe yana jujjuya guntayen a hannunsa bai ce uffan ba. Daga ranar shi ne ya fi kowa yawan tambaya a ajin.

Wannan shi ne gundarin ajin naka. Kai da ka tashi da ilektirod ka san idan wuta ta yi kaɗan sandar liƙewa take yi, ita da kanta za ta gaya maka akwai matsala. MIG ba haka take ba. Muddin yatsa na kan kunama, waya za ta ci gaba da fitowa tana narkewa, ko ƙarfen ƙasa ya narke ko bai narke ba. Shi ya sa ake koyonta da wuri, kuma shi ya sa ta fi saurin yaudarar ido. A ajin farko an koya musu shimfiɗa walda mai kyan gani. Naka aikin su san abin da ke faruwa a ƙarƙashinta, da dalilinsa.

Daga nan sai injin kansa. Yawancinsu ba su san cewa injin MIG bolt, wato ƙarfin turin lantarki, yake riƙewa wuri ɗaya ba, amfiya kuwa, wato yawan lantarkin da ke gudana, gudun waya ne ke kawo ta. Ka ƙara gudun waya, amfiya ta hau. Bolt shi ke tsara tsawon harshen wutar da faɗin kwanciyar walda. Akwai na uku da babu maɓallinsa a jikin inji, wato tazarar da ke tsakanin bakin bindiga da ƙarfe. Ka haɗa su biyu-biyu, ɗaya na walda ɗaya na kallon mita. Mai waldar ya fara da tazarar milimita 10, sannan a hankali ya ja hannu baya zuwa 20. Mai kallo zai ga amfiya na sauka alhali ba wanda ya taɓa inji. Wanda ya ga haka da idonsa zai gane yadda gajiyar hannu kaɗai ke iya rage shigar walda.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne yadda ƙarfe ke barin bakin waya ya shiga narkakken wurin, domin nan ne ajin ya samo sunansa na mai zurfi. Salon da suka sani shi ne na taɓa-ka-saki, wanda takardu ke rubutawa GMAW-S: waya na taɓa ƙarfe, wuta ta mutu, ta sake kamawa, sau da dama a daƙiƙa guda, da ƙara kamar ana suyar ƙosai. Zafinsa kaɗan ne, don haka ya dace da ƙarfe marar kauri da cike giɓi da walda a tsaye. A ƙarfe mai kauri kuwa shi ne uban rashin kamawa. Kundin D1.1 na Ƙungiyar Walda ta Amurka, AWS, wanda ake bi wajen ƙarafan gini, bai sa wannan salon cikin waɗanda aka yarje wa tun farko ba, sai an gwada tsarin an tabbatar. Har ma a jarabawar mai walda, kundin bai yarda a maye gurbin gwajin lanƙwasa da hoton eksire ba idan da wannan salon aka yi, saboda irin wancan siririn layi yakan ɓuya wa hoto. Ka buɗe musu kundin su karanta da kansu.

Idan aka ƙara bolt da gudun waya, sai a shiga salon manyan ɗigo, mai yawan tartsatsi da fantsama, wanda galibi gudunsa ake yi. Gaba da shi akwai salon feshi: ƙananan ɗigo na zuba a jere, ƙarar suya ta ɗauke, sai wani huci mai laushi, walda ta shiga ciki sosai. Amma feshi ba ya samuwa sai argon ya kai wajen kashi 80 cikin 100 na iskar da ke rufe waldar. Tukunyar iskar da suka saba da ita, argon 75 da CO2 25, ba za ta ba su feshi na gaskiya ba komai murɗa maɓalli. Sai an sauya zuwa 90 da 10, ko argon 98 da iskar oksijin 2. Da wannan ta ƙarshen, waya mai kaurin 0.035 na inci tana shiga feshi a wajen amfiya 165, mai 0.045 kuma a wajen 220. Kada ka ba su waɗannan lambobi tun farko. Su ɗauko littafi, su riƙa hawa kaɗan-kaɗan suna rubuta bolt da gudun waya da amfiya, har kunnensu ya ji lokacin da sautin ya juya. Sai a kwatanta abin da suka samu da na littafi.

Za su ga kuma cewa feshi ruwa-ruwa yake, a kwance kawai yake zama, a tsaye zubowa yake yi. Nan ne za ka kawo feshi mai bugawa, inda inji ke ɗaga wuta sama ta tsinko ɗigo ɗaya, ya sauke ta wurin ya ɗan huce, ya sake ɗagawa. Sababbin injuna na Lincoln da Miller suna da shirin da za ka zaɓi waya da iska su daidaita sauran. Ra'ayina, kada ɗalibi ya taɓa wannan shirin sai ya iya nemo saiti da hannunsa, domin ba kowace masana'anta zai tarar da irin injin makaranta ba.

Ka ware wa alminiyam mako biyu ko uku. A jiharku ma aka haifi wannan walda, a Cibiyar Battelle da ke Kolombus, a 1948, kuma don irin su alminiyam aka fara ta. Sai a 1953 aka fara amfani da CO2 a Tarayyar Sobiyet, abin da ya sa ta yi arhar da za a yi ƙarfe da ita. Alminiyam na narkewa a digiri 660 na Salshiyos, amma ɓawon da ke fuskarsa sai ya haura 2,000. Dole a kankare shi da buroshin silba, wato ƙarfen nan marar tsatsa (stainless), wanda bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba. Argon zalla ake sa masa, a tura bindiga gaba, ba a ja. Wayarsa taushi gare ta, takan cukurkuɗe a bakin tayoyin da ke tura ta, shi ya sa ake amfani da bindiga mai ɗauke da ƙaramin ƙullin waya a jikinta. Su gwada waya ER4043 mai silikon da ER5356 mai magniziyam, su ji bambanci a hannu.

Maganar lafiya kada ta tsaya a takardar da ake sa wa hannu ranar farko. A 2017 hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta sa hayaƙin walda cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Hayaƙin silba na ɗauke da wani nau'in kuromiyam mai guba, wanda OSHA, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta ƙayyade a maikurogiram 5 cikin kowace mita kubik ta iska. Argon ya fi iska nauyi, ba shi da wari, yana taruwa a cikin tanki ya shaƙe mutum bai ankara ba. Maganin wanke birki mai kulorin, idan wutar walda ta same shi, iskar fosjin yake fitarwa, mai kisa. Duk wanda ka gani kansa cikin hayaƙi, ka tsayar da shi nan take, ka gyara masa bututun zuƙe hayaƙi. Hasken feshi ma ya fi na salon da suka saba tsanani, gilashin hular walda mai lamba 10 yakan gaza, sai an hau 12 ko sama.

Game da tsayawa gaban allo da kake jin nauyinsa, minti 20 ya isa a kowane zama. Sauran lokacin ka sa hularka ka bi su ɗaki-ɗaki, ka tsaya bayan kafaɗar mutum kana kallon narkakken wurin tare da shi. Wani sai ka nemi izini ka ɗora hannunka kan nasa, ya ji gudun tafiyar a jikinsa. A shagon oga yaro yakan shekara yana miƙa kaya yana satar kallo kafin a ba shi wuta, kuma ba kasafai ake gaya masa dalili ba. Waɗannan manya ne, wasu daga wurin aiki suka zo a gajiye, wasu tsofaffin sojoji ne, akwai mata masu 'ya'ya a gida, kuma mako 16 kacal gare ka. Duk gyaran da za ka yi wa mutum, ka haɗa masa da dalili. Idan an tambaye ka abin da hannunka ya sani amma bakinka bai saba faɗa ba, ku tafi wurin inji ku gwada tare.

Makonni huɗu na ƙarshe na jarabawa ne irin ta wurin aiki. Ka ba su takardar tsarin walda, WPS, su karanta su saita inji ba tare da kai ba: waya ER70S-6, iska kaza, bolt daga nan zuwa nan. Su san 70 ɗin nan na nufin ƙarfin ja na fam 70,000 a kan kowane inci murabba'i. Su haɗa faranti mai kaurin 3/8 na inci a tsaye, wato 3G, da na sama da kai, 4G. A yanko tsiri, a goge da giranda, a lanƙwasa shi har ya koma kamar kofaton doki. Tsagar da ta wuce milimita 3 a bayan lanƙwasar ta kayar da mutum. Wanda ya faɗi, ku zauna da guntun a hannu ku nemo ko gudu ya yi, ko tazara ce ta yi yawa, ko bai share tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa ba, sannan ya yanko sabon faranti.

Kai kuma, cikin wannan zangon ka tambayi shugaban sashenku ko kwaleji za ta biya maka kuɗin jarabawar CWE ta AWS, wato shaidar malamin walda, ko ta CWI ta mai duba walda. Shekarunka 12 a masana'anta za su shiga lissafin ƙwarewar da ake nema.